Zaunar da Babbar Manhaja Biyu a Kwamfuta Ɗaya: Bayani da Shawarwari Dangane da Ƙasar Gumel

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi bayanin yadda ake zaunar da babbar manhaja biyu, watau Windows da Linux, a cikin kwamfuta guda, ta yadda duk sa'ad da aka kunna ta mai ita zai zaɓi wadda yake so ya yi aiki da ita. Mun ɗora bayanin namu a kan halin da ake ciki a ƙasar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa. Za mu fara da dalilin da ya sa batun ya taso, sa'an nan mu dubi abin da ke faruwa a cikin kwamfuta yayin da take tashi, domin wanda bai fahimci wannan ba laluben duhu kawai zai yi. Bayan haka sai mu kawo matakan aikin, da matsalolin da sukan biyo baya, mu rufe da shawarwari.

Kafin mu yi nisa ya kamata mu daidaita kalmomi. Abin da muke nufi da babbar manhaja shi ne manhajar da ke riƙe da ragamar kwamfuta gaba ɗaya, wadda sauran manhajoji ke hawa kanta su yi aiki. Ma'adana ita ce faifan da ke cikin kwamfuta inda ake adana kome da kome. Yanki kuwa shi ne kashi ɗaya daga cikin kasusuwan da aka raba ma'adanar, kamar yadda magada kan raba gona ɗaya kowa ya san iyakarsa.

2.0 Dalilin Tasowar Batun

Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, watau ya daina aiko da gyare-gyaren da ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke shiga, sai fa ga waɗanda suka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi, wanda ga ɗaiɗaikun mutane aka yanka masa ranar 13 ga Oktoba, 2026. Windows 11 da ya gaje shi, wanda ya fito ran 5 ga Oktoba, 2021, yana da sharuɗɗa masu tsauri. Yana bukatar wani ɗan ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a cikin masarrafan Intel, galibi sai daga zubi na takwas zuwa sama yake karɓa, waɗanda suka fara fitowa a 2017.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Kwamfutocin da mutanenmu suka fi iya saye na hannu ne, waɗanda ake shigo da su daga ƙasashen waje a sayar a wurare irin su Titin Beirut a Kano. Kwamfutoci irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 da Lenovo ThinkPad T460 duk masarrafar zubi na shida ke cikinsu. Lafiyarsu lau, suna iya ƙara shekaru suna aiki, amma ba sa cikin waɗanda Windows 11 ya yarda da su. Malamin makaranta a Gagarawa, ko ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel, ko mai shagon buga takardu a Maigatari, ba lalle ne yana da halin sayen sabuwa ba.

Wani zai ce, ai sai a share Windows a sa Linux kawai, tun da kyauta ne. Amma abin bai kai nan sauƙi ba. Mai shago yana tsara katin ɗaurin aure da kalanda da CorelDRAW, wanda a yau ba a yin na Linux. Waɗansu na'urorin buga takarda da na ɗaukar hoton yatsa ba su da manhajar sarrafawa sai ta Windows. Ɗalibi kuma da Windows ya saba, kuma shi zai fi tararwa a ofis in ya sami aiki. A ɗaya gefen, Linux na da nasa hujjoji. Tun da Linus Torvalds ya fara rubuta shi a Helsinki a 1991, bisa turbar da Richard Stallman ya share da shirin GNU a 1983, ya bunƙasa har ya zama shi ne ƙashin bayan Android da ke cikin wayoyinmu, kuma tun daga Nuwamba 2017 dukkan manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da shi suke aiki. Ɗalibin ilimin kwamfuta da ya gama karatu bai taɓa shi ba, an bar shi a baya. Saboda haka haɗa biyun a kwamfuta ɗaya shi ne jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya: a shiga intanet ta Linux mai samun gyaran tsaro, a koma Windows don aikin da sai shi.

Akwai waɗansu hanyoyi biyu da ya kamata mu ambata. Ana iya gudanar da Linux a cikin Windows ta hanyar manhaja irin VirtualBox, ko ta WSL da Microsoft ya fito da shi a 2016. Sai dai a duka biyun Windows ne mai gida, don haka raunin tsaronsa na nan daram, kuma manhajojin biyu suna cin ƙwaƙwalwar kwamfutar a lokaci guda. Kwamfuta mai RAM na gigabait 4 sai ta riƙa ja da ƙyar. In an zaunar da su kowa a yankinsa kuwa, ɗaya ce ke aiki a lokaci guda, ta mallaki ƙarfin injin duka.

3.0 Yadda Kwamfuta ke Tashi

Idan aka danna makunni, ba Windows ne ke fara motsi ba. Akwai wata 'yar manhaja da masu ƙera kwamfutar suka dasa a jikin allonta, ita ce ke farkawa ta duba kayan cikin injin, sa'an nan ta nemi wanda za ta miƙa wa ragama. Wannan manhaja iri biyu ce, tsohuwa ana ce mata BIOS, sabuwa kuma UEFI.

3.1 Tsohon Tsari

BIOS takan je farkon ma'adana ta karanta bait 512 na farko, wurin da ake kira MBR, tsarin da aka soma da shi a 1983. A cikin bait 512 ɗin nan, 446 umarnin tashi ne, 64 jadawalin yankuna ne, 2 kuma alamar rufewa. Tun da bayanin kowane yanki yana cin bait 16, yankuna huɗu kaɗai jadawalin ke iya ɗauka. Abu biyu ne suka fito daga nan. Na farko, gurbin umarnin tashi ɗaya ne tak, saboda haka babbar manhajar da aka sa daga baya takan shafe na wadda ta riga ta. Na biyu, waɗansu kwamfutoci, musamman HP na zamanin Windows 7, sukan zo da gurabun nan huɗu a cike, ba wurin da baƙo zai sauka sai an ɗauke ɗaya an mai da shi yanki mai 'ya'ya a cikinsa.

3.2 Sabon Tsari

UEFI ta samo asali daga aikin kamfanin Intel, kuma tun 2005 wata ƙungiyar kamfanoni ce ke kula da ƙa'idojinta. Tana tafiya ne da jadawalin GPT, wanda a Windows yake ɗaukar yankuna har 128. A wannan tsari akan keɓe wani ɗan ƙaramin yanki, sau da yawa megabait 100 zuwa 'yan ɗaruruwa, inda kowace babbar manhaja ke ajiye nata umarnin tashi a jakarta daban. UEFI kuma tana riƙe da jerin sunayensu, tana kiran wanda ke sama. A nan ba mai shafe na wani, rigimar ita ce wa zai hau kan jerin.

3.3 Mai Tsaron Ƙofa

A kowane tsari, wanda ke fito da zaɓi a kan allo shi ne GRUB, manhajar da ke zuwa tare da Linux. GRUB ya san Windows, yakan sa sunansa a jerin zaɓi. Mai tayar da Windows kuwa ba ya neman kowa sai danginsa. Wannan ne dalilin ƙa'idar da aka saba faɗa, cewa a fara sa Windows, Linux ya biyo baya. Haka nan kuma wajibi ne a sa su duka biyu bisa tsari ɗaya. In Windows na kan UEFI aka sa Linux bisa BIOS, GRUB ba zai iya tayar da shi ba. Ana gane tsarin ta hanyar rubuta msinfo32 a gurbin bincike na Windows, a duba layin da ke faɗin yanayin BIOS.

4.0 Matakan Aiki

Na ɗaya, a kwafe duk abin da ke da muhimmanci zuwa wata ma'adana ta waje, a kuma buɗe ta a wata kwamfuta a tabbata kwafin ya yi. Sakamakon jarrabawar ɗalibai, kundin bincike, lissafin shago, duk abin da ya salwanta a nan da wuya ya dawo.

Na biyu, a tanadi wuta. Yayin da ake rage girman yanki, kwamfuta tana matsar da bayanai tana sake rubuta jadawali. In wuta ta ɗauke a tsakiyar wannan aiki, ana iya rasa yankin ɗungum. Kowa a cikinmu ya san halin wutar lantarki a garuruwanmu, balle ƙauyuka. Don haka kada a fara sai batirin kwamfutar cinya ya cika kuma an tabbata yana riƙe caji. Ta tebur kuwa sai an jona ta da inbata ko sola ko janareto mai isasshen mai. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, gara a yi aikin da sassafe, a kuma fara kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe mafitar iska, domin inji in ya yi zafi ainun yakan kashe kansa.

Na uku, a duba ko an kulle ma'adanar da BitLocker. In an kulle, a nemo mabuɗin ceto, wanda lambobi 48 ne, a rubuta a takarda a adana, sa'an nan a dakatar da kullen kafin a ci gaba. Sauyi kaɗan a tsarin tashi ya isa ya sa Windows ya nemi wannan mabuɗi, kuma wanda ba shi da shi ya yi sallama da kayansa.

Na huɗu, a kashe abin da Windows ke kira Fast Startup, wanda ya zo tun Windows 8 a 2012. In yana kunne, Windows ba ya mutuwa sarai in an kashe shi, barci yake yi ya bar ma'adanar a matsayin wadda ake cikin aiki da ita. Linux in ya tarar da ita haka yakan ƙi rubutu a kanta, in kuwa aka tilasta shi, bayanai kan lalace.

Na biyar, a rage yankin Windows daga cikin Windows ɗin kansa, da manhajarsa ta sarrafa ma'adana, a bar filin da aka samu fayau ba tare da an tsara shi ba. Alal misali, ma'adanar da aka rubuta wa gigabait 500, wadda kwamfuta kan nuna ta wajen 465, ana iya barin 200 ga Windows, a ba Linux 100, ragowar a yi yankin tarayya da shi. Yankin tarayyar a tsara shi da NTFS, domin Linux na karanta NTFS, amma Windows da kansa ba ya karanta ext4 na Linux.

Na shida, a zaɓi irin Linux ɗin da za a sa. Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, fitowarsa ta 24.04 ta Afrilu 2024 tana da kulawar shekara biyar, tana kuma son RAM na gigabait 4 da fili gigabait 25. Linux Mint 22, wanda aka gina a kansa, ana kula da shi har 2029, yana iya tashi da gigabait 2, kuma fuskarsa ta fi kama da ta Windows, don haka ya fi sauƙi ga sabon shiga. Tun da sauko da shi na cin data wajen gigabait 3, na Ubuntu kuma wajen 6, ya fi kyau mutum ɗaya ya sauko da shi daga shafinsa na asali a rarraba. Akan zuba shi a filashi mai gigabait 8 da manhaja irin Rufus.

Na bakwai, a tayar da kwamfutar daga filashin. A HP akan danna F9, a Dell da galibin Lenovo kuma F12. Kada a yi gaggawar zaunarwa. A fara gwada shi daga kan filashin, a ga ko sauti da kyamara da Wi-Fi da na'urar buga takarda suna aiki. In Linux bai ga ma'adanar ba sam, yawanci saitin Intel RST ne, sai an mai da shi AHCI, amma lalle a shirya Windows kafin wannan sauyi, in ba haka ba shi ma zai ƙi tashi.

Na takwas, a zaunar. Allon zai kawo zaɓi, ɗaya na zama tare da Windows, ɗaya na share ma'adana duka. Tsakaninsu layi ɗaya ne, kuma a nan ne aka fi yin kuka. A karanta sau biyu kafin a danna. In an gama, a cire filashi, a sake kunnawa, a shiga kowacce daga cikin biyun a tabbatar tana tashi.

5.0 Matsalolin da kan Biyo Baya

5.1 Saɓanin Agogo

Sau da yawa mutum zai fito daga Linux ya shiga Windows ya tarar agogo ya koma baya da awa ɗaya. Dalili shi ne agogon da ke jikin allon kwamfuta ɗaya ne, amma kowannensu da yadda yake karanta shi. Linux na ɗaukarsa a matsayin agogon duniya na UTC, Windows kuwa a matsayin agogon gida. Nijeriya da Nijar suna gaban UTC da awa ɗaya. In ƙarfe 10 ne a Gumel, Linux zai rubuta 9 a allon, Windows ya zo ya karanta 9 ɗin nan ya nuna ta yadda take. Maganinsa shi ne a ba Linux umarnin timedatectl set-local-rtc 1, sai su daidaita. In kuwa agogon na komawa shekarun baya duk sa'ad da aka kashe injin, wannan ɗan batirin allo ne, CR2032, ya mutu.

5.2 Ɓacewar Zaɓi

Wani lokaci bayan babban sabuntawa Windows kan mai da kansa saman jerin UEFI, sai kwamfuta ta riƙa zarcewa cikinsa. Linux na nan bai tafi ko'ina ba, a shiga saitin UEFI a mai da shi sama. Akwai kuma misalin da ya fi wannan tsanani. A Agusta 2024 Microsoft ya aiko da wani gyaran tsaro da ya shafi Secure Boot, wanda bai kamata ya taɓa kwamfutoci masu manhaja biyu ba, amma ya hana Linux tashi a waɗansunsu, kuma sai a Mayu 2025 kamfanin ya sanar da kammala gyaran kuskuren. Darasin da ke ciki shi ne a riƙa sabunta Linux ɗin, a kuma ajiye filashin da aka yi aiki da shi, don da shi ake shiga a ceto kaya in ƙofa ta rufe.

5.3 Hannun Mai Gyara

Al'adar da ta yi yawa ita ce in kwamfuta ta yi ciwo a share ta gaba ɗaya a zuba sabon Windows. Tun da Windows ba ya gane ext4, mai gyaran da bai sani ba yana iya ɗaukar yankin Linux a matsayin fili marar amfani. Ya kamata a liƙa 'yar takarda a ƙasan kwamfutar mai bayyana yankunan da ke ciki, a kuma faɗa da baki. Haka nan wanda ya so cire Linux, kada ya share yankinsa sai ya fara mai da ragamar tashi ga Windows.

5.4 Haruffan Hausa

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kowanne na da lambarsa a Unicode, haka ma ƴ da ake rubutawa a Nijar a inda mu muke rubuta 'y. Windows da Linux duka suna da tsarin maɓallan Hausa, sai dai a kunna shi a kowanne daban. Matsala takan zo ne daga tsofaffin salon rubutu da aka ƙirƙira kafin Unicode ya yaɗu, inda aka ɗora ƙ a gurbin wani harafi. Takardar da aka buga da irinsu, in aka buɗe ta a LibreOffice na Linux babu wannan salon, sai haruffan su rikiɗe. A Maigatari, inda kasuwar ranar Alhamis ke haɗa mutanen ƙasashen biyu, ana iya cin karo da kwamfuta mai maɓallan Faransanci, wadda jerinta ke farawa da AZERTY. A lura da wannan wajen zaunarwa, musamman lokacin rubuta kalmar sirri, don kada a zaɓi tsari ɗaya alhali yatsu na bin wani.

6.0 Shawarwari

Na farko, a ɗakin kwamfuta na makaranta kada a fara da duka injuna. A gwada biyu ko uku na zango ɗaya, a ga abin da ya taso. Na biyu, a sa ɗalibai su yi aikin da hannunsu a kan injin da babu abin asara a cikinsa, domin wanda ya taɓa raba ma'adana ya ga GRUB ya fito, ya fahimci darasin babbar manhaja fiye da wanda ya haddace shi a littafi. Na uku, inda Windows 10 ya rage, a taƙaita shigarsa intanet, a bar harkar banki da wasiƙu ga Linux. Na huɗu, kwamfutar da hukumar jarrabawa ko wata hukuma ta gindaya wa sharaɗin manhaja, kada a taɓa ta sai da izini. Na biyar, ma'adana mai ƙasa da gigabait 128 ta yi kaɗan ga biyu, gara a zaɓi ɗaya ko a sauya ma'adanar.

Akwai abin koyi daga waje. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, amma a 2017 majalisarsa ta zaɓi juyawa zuwa Windows. Jihar Kerala ta Indiya kuwa ta daɗe tana tafiyar da kwamfutocin makarantun gwamnatinta da Linux, tare da horar da malamai a kansa. Abin da muka fahimta daga nan shi ne sauyin manhaja ba ya ɗorewa sai an tanadi mutanen da za su riƙe shi. A ƙasar Gumel, waɗannan mutane su ne malaman kwamfuta da masu gyara na cikin gari.

7.0 Kammalawa

Mun nuna cewa ƙarewar wa'adin Windows 10 ta bar kwamfutoci masu lafiya ba mai kula da tsaronsu, kuma zaunar da Linux kusa da Windows hanya ce ta tsawaita amfaninsu ba tare da an rasa aikin da aka saba ba. Mun bayyana tsarin tashi iri biyu, da matakai takwas na aikin, da matsaloli huɗu da maganinsu. Haɗarin aikin ya taru ne a wuri uku: rashin kwafe kaya, ɗaukewar wuta, da danna zaɓin share ma'adana. Abin da ya rage shi ne daidaita kalmomin fannin, domin ma'adana da yanki da babbar manhaja da muka yi amfani da su a nan shawara ce muka kawo, muna kuma fatan masana harshe da ke wannan taro za su duba su, su gyara inda ya kamata.